Kwamfutar cikin kwamfuta: yadda ake gano matsalar gada da yadda ake gyara ta

Gabatarwa

Akwai cibiyoyin karatu da ofisoshin ƙungiyoyi da dama da ke da kwamfuta ɗaya tak, amma suna son ta yi musu aikin biyu. Da safe sakatare yana rubuta takardu da lissafin asusu a kanta. Da marece kuma ɗalibai suna son su buɗe darussa da littattafai a wayoyinsu na salula daga cikin wannan kwamfuta. Hanyar da masana suka saba bi ita ce su kafa wata kwamfuta a cikin ta farko, su zuba darussan a cikinta, sannan su haɗa ta da rezon gidan ta hanyar da ake kira gada. Muddin gadar tana aiki, kowa yana samun darasinsa. Ranar da ta katse aji ya tsaya, kuma mai gyara yana iya kasancewa a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ga nisan tafiya, ga kuɗin mota, ga ladan aiki.

Mafi yawan abubuwan da ke katse gada ƙanana ne. Duk wanda ya iya karanta lambobi, ya iya rubuta kalma biyu ko uku a kan allon kwamfuta, yana iya gano su. Wannan darasi zai bayyana mece ce gada, sannan ya nuna matakai 7 da ake bi ɗaya bayan ɗaya. Ku karanta a hankali, ku ajiye littafin rubutu da alƙalami kusa da ku.

Mece ce kwamfutar cikin kwamfuta?

Ku ɗauki misalin gida. Mai gida ya ware ɗaki guda ya ba baƙo. Baƙon yana da tabarmarsa da kayansa, yana tafiyar da harkokinsa yadda yake so, amma rufin da ke kansa da ruwan da yake sha na mai gida ne. Haka abin yake a nan. Kwamfutar da kuke gani, kuke taɓawa da hannu, ita ce mai masauki. Wadda aka kafa a cikinta da manhaja ita ce baƙuwa. Baƙuwa tana da nata tsarin aiki, ko Windows ko Linux, amma ƙarfin aiki da wurin ajiya duk aro take yi daga mai masauki.

Wannan dabara ta daɗe. Kamfanin IBM na Amurka ya fara amfani da ita a manyan kwamfutocinsa tun a shekarun 1960. A shekarar 1999 manhajar VMware ta kawo ta kan kwamfutocin ofis. A shekarar 2007 wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ya fito da VirtualBox ga jama'a. Kamfanin Sun ya saye shi a 2008, sannan Oracle ya sayi Sun a 2010. Kamfanin Microsoft kuma yana da tasa manhaja mai suna Hyper-V tun 2008. Da yake VirtualBox kyauta ce, kuma tana da fassarar Faransanci, da ita za mu fi ba da misali.

Hanyoyi uku da baƙuwa ke hulɗa da waje

Hanya ta farko ana kiran ta NAT. A nan baƙo ba shi da ƙofa tasa. Duk saƙon da zai aika, mai gida ne ke fita da shi da sunansa, idan amsa ta zo ya miƙa masa. Baƙuwa tana iya shiga intanet ta wannan hanya, amma mutanen unguwa ba su san da zamanta ba, ba kuma za su iya yi mata sallama ba. Wannan ita ce hanyar da VirtualBox ke zaɓa da kanta idan aka kafa sabuwar baƙuwa.

Hanya ta biyu ita ce ta cikin gida. Baƙo da mai gida suna magana da juna, amma baƙon ba ya fita ko'ina. A VirtualBox ta Faransanci sunanta Réseau privé hôte.

Hanya ta uku ita ce gada, wadda aka rubuta Accès par pont a Faransanci, Bridged Adapter a Ingilishi. A nan an fasa wa baƙo ƙofa tasa a kan titi. Yana da lambar gida tasa kamar kowa, maƙwabta suna ganinsa, suna zuwa wurinsa kai tsaye. Idan ana son wayoyin ɗalibai su buɗe abin da ke cikin baƙuwa, kamar manhajar Kiwix da ke ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, ko manhajar darussa ta Kolibri, wannan hanya ce aka fi zaɓa.

Kalmomi biyar da ya kamata a sani

1. Katin rezo: shi ne sashen da kwamfuta ke haɗuwa da rezo ta cikinsa. Kwamfutar tafi-da-gidanka takan zo da biyu, ɗaya na kabul, ɗaya na wifi.

2. Akwatin rezo: shi ne ƙaramin akwatin da ke ba da wifi, wanda ake sa wa kabul a bayansa. Masu sana'a suna ce masa rutar. Shi ne mai unguwa, domin shi ke raba wa kowace na'ura lamba. Wannan aikin rabon lamba sunansa DHCP.

3. Adireshin IP: lambar gida ce. Lambobi 4 ne da ɗigo a tsakaninsu, misali 192.168.1.20. A yawancin ƙananan rezo, lambobi 3 na farko sunan unguwa ne, ta ƙarshe kuma lambar gidan.

4. Lambar MAC: lambar shaida ce da kowane katin rezo ke ɗauke da ita, kamar lambar katin ɗan ƙasa. Tana da haruffa da lambobi 12. Ta baƙuwar VirtualBox takan fara da 08:00:27, ta VMware kuma sau da yawa da 00:0C:29 ko 00:50:56.

5. Ƙofar gari: ita ce adireshin akwatin rezo, inda duk saƙon da zai tafi intanet yake bi. A allon Windows na Faransanci an rubuta Passerelle par défaut.

Ƙa'ida kafin a fara

Kada ku canza abu biyu a lokaci guda. Ku canza ɗaya, ku gwada, ku rubuta abin da kuka gani. Kafin ku taɓa kowane saiti, ku kwafe yadda kuka tarar da shi a littafinku, ko ku ɗauki hotonsa da salula. Wanda ya canza abubuwa biyar a tare, ko da rezo ya dawo ba zai san wanne ne ya yi magani ba, idan kuma ya ƙara lalacewa ba zai san hanyar komawa ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na 1: a fara duba mai masauki

Idan ƙofar gidan kanta a rufe take, baƙo ba zai fita ba. Saboda haka ku tabbata mai masauki tana kan rezo. Ku duba fitilun akwatin rezo, ko suna kunne. Idan da kabul kuke aiki, ku duba ƙananan fitilun da ke bakin ramin da kabul ɗin ya shiga. Ƙura da zafi da ɓeraye suna ɓata kabul, kuma ɗan harshen roba da ke riƙe kansa yakan karye har ya riƙa zamewa. Kabul ɗin rezo yana da siraran wayoyi 8 a cikinsa, kuma bai kamata tsawonsa ya wuce mita 100 ba. Idan kuna shakka, ku gwada wani.

Bayan haka ku karanta adireshin mai masauki. A Windows, ku danna maɓalli mai alamar Windows tare da harafin R, ku rubuta cmd, ku danna Entrée. Baƙin allo zai buɗe. Ku rubuta ipconfig, ku sake danna Entrée. Ku nemi layi uku, ku kwafe su: Adresse IPv4, da Masque de sous-réseau, da Passerelle par défaut. A ce kun sami 192.168.1.20, da 255.255.255.0, da 192.168.1.1. Waɗannan lambobi su ne ma'aunin da za ku gwada sauran aikin da shi.

Mataki na 2: a duba katin da aka ɗora gada a kansa

Wannan matsala tana cikin waɗanda aka fi samu. Gada tana ɗoruwa ne a kan kati guda. Idan an ɗora ta a kan katin kabul, sannan wani ya cire kabul ɗin ya koma wifi, mai masauki za ta ci gaba da aiki lafiya, amma baƙuwa ta zama kamar wanda aka fasa wa ƙofa a bangon da babu titi.

Ku kashe baƙuwa. A VirtualBox ku zaɓe ta, ku shiga Configuration, sannan Réseau. Ku duba abubuwa huɗu. Na ɗaya, akwai alama a ɗan akwatin da ke kunna katin rezo? Na biyu, a layin Mode d'accès réseau an zaɓi Accès par pont? Na uku, a layin Nom, sunan katin da mai masauki ke aiki da shi a yanzu ne aka zaɓa? Sunan katin wifi yakan ƙunshi kalmar Wireless ko Wi-Fi, na kabul kuma Ethernet ko GbE. Na huɗu, a cikin ƙarin saituna akwai wani ɗan akwati mai suna Câble branché. Dole a sa masa alama, domin idan babu ita baƙuwa tana ɗauka an zare mata kabul.

A VMware gadar tana da suna VMnet0, kuma manhajar takan zaɓi kati da kanta. Wani lokaci sai ta zaɓi katin da ba ya aiki. Maganin shi ne a buɗe Virtual Network Editor, a cire zaɓin Automatic, a nuna mata katin da hannu. Wannan canji yana buƙatar izinin mai kula da kwamfutar.

Mataki na 3: a karanta adireshin baƙuwa

Ku kunna baƙuwa. Idan Windows ce, ku rubuta ipconfig kamar ɗazu. Idan Linux ce, ku buɗe allon umurni ku rubuta ip addr. Lambar da kuka gani za ta gaya muku inda matsalar take.

Idan ta fara da lambobi 3 irin na mai masauki, misali 192.168.1.35, gada tana aiki. Ku wuce zuwa mataki na 4.

Idan kun ga 10.0.2.15, baƙuwa tana kan NAT har yanzu. Ku koma mataki na 2.

Idan ta fara da 192.168.56, tana kan hanyar cikin gida. Nan ma ku koma mataki na 2.

Idan ta fara da 169.254, ko kuma babu adireshi ko kaɗan, ma'anarsa baƙuwa ta nemi lamba wurin mai unguwa ba ta sami amsa ba, sai ta laƙaba wa kanta wata lamba da ba ta kai ta ko'ina. Ku sa ta sake nema. A Windows ku rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. A Linux ya isa ku kashe haɗin rezo ku sake kunna shi, ko ku sake tayar da baƙuwar. Idan har yanzu ba ta samu ba, ku kashe akwatin rezo, ku jira minti guda, ku kunna shi, ku sake gwadawa. Idan hakan bai yi ba, amsar tana mataki na 5 ko na 6.

Akwai kuma baƙuwar da wani ya rubuta mata adireshi da hannu. Misali an shirya ta a Yamai a kan rezo mai lamba 192.168.0, aka kawo ta cibiyar da rezonta ke da 192.168.1. Tana riƙe da lambar tsohuwar unguwa, don haka babu mai jin ta. Sai a mayar da ita kan karɓar adireshi da kanta, ko a rubuta mata sabo da ya dace da unguwar da take yanzu.

Mataki na 4: a yi sallama gida gida

Akwai wani umurni mai suna ping. Aikinsa kamar sallama ne: ana kiran wani adireshi, a saurara ko zai amsa. A baƙin allon baƙuwa ku rubuta ping, ku bar fili, ku rubuta adireshin. Idan aka amsa, a Windows ta Faransanci za ku ga layuka da suka fara da Réponse de, tare da lokacin da amsar ta ɗauka. Idan ba a amsa ba, za ku ga Délai d'attente de la demande dépassé. Ku lura da kyau: idan layin ya ƙare da Impossible de joindre l'hôte de destination, saƙon bai isa ba, ko da ya fara da Réponse de. A Linux ping ba ya tsayawa da kansa, sai an danna Ctrl tare da C.

Ku bi wannan jeri:

Da farko ku yi wa akwatin rezo sallama: ping 192.168.1.1. Idan ya amsa, gadar kanta lafiya take.

Na biyu, ku yi wa mai masauki: ping 192.168.1.20. Idan akwatin rezo ya amsa amma mai masauki ta yi shiru, kada ku damu da gada. Windows ta saba ƙin amsa irin wannan sallama saboda katangar tsaronta.

Na uku, idan cibiyarku tana da intanet, ku gwada ping 8.8.8.8, wanda adireshi ne na kamfanin Google. Idan bai amsa ba alhali mai masauki tana shiga intanet, ku duba ko ƙofar gari da ke rubuce a baƙuwa daidai take da ta mai masauki.

Na huɗu, ku gwada suna a maimakon lamba: ping wikipedia.org. Idan lamba ta amsa amma suna bai amsa ba, matsalar tana wurin mai fassara sunaye zuwa lambobi, wanda ake kira DNS. A yawancin ƙananan rezo akwatin rezo ne ke wannan aiki, don haka ku sa adireshinsa a gurbin DNS na baƙuwa.

Cibiyar da ba ta da intanet, wadda darussanta duk suna cikin baƙuwa, ba ta buƙatar na uku da na huɗu.

Mataki na 5: matsalolin wifi, da salula, da makullin intanet

Gada ta fi jin daɗin kabul. Dalili kuwa shi ne, a ƙa'idar wifi akwatin rezo yana karɓar saƙo ne kawai daga lambar MAC da ta yi rajista da shi, wato ta mai masauki. Saboda haka VirtualBox takan yi dabara: tana fitar da saƙonnin baƙuwa da lambar mai masauki, idan amsa ta dawo ta tantance wadda ke ta baƙuwa. Dabarar tana aiki da akwatuna da yawa, amma wasu ba su yarda da ita, musamman wajen ba da adireshi. Gwajin yana da sauƙi. Ku haɗa mai masauki da akwatin rezo da kabul, ku mayar da gada kan katin kabul. Idan baƙuwa ta sami adireshi nan take, kun gano cewa wifi ne. Ku bar kwamfutar a kan kabul. Wayoyin ɗalibai za su ci gaba da shiga ta wifi, domin duka akwati ɗaya ne.

Wasu akwatunan suna da saitin da ke hana na'urorin da ke kan wifi ganin juna. Sunansa yakan ƙunshi kalmar isolation. Ana yawan kunna shi a wifin baƙi, da otal, da wuraren taro. Idan yana kunne, kowace waya tana iya shiga intanet amma ba ta ganin baƙuwa. Sai mai kula da akwatin ya kashe shi.

Makullin intanet da ake sa wa katin SIM a cusa a ramin USB yana da nasa hali. Kamfanin salula adireshi ɗaya yake ba kowane layi. Idan makullin irin wanda ke kiran layi kai tsaye ne, babu adireshi na biyu da za a ba baƙuwa, kuma gada ba za ta yi aiki a kansa ba. A nan NAT ce hanya. Haka ma idan ana raba intanet daga wayar salula: wasu wayoyin suna ba baƙuwa adireshi, wasu ba su bayarwa, kuma lambar unguwar tana iya canzawa duk lokacin da aka sake kunna rabon.

A manyan ofisoshi kuma, mai kula da rezo yana iya tsara cewa lambobin MAC da ya sani kaɗai za su shiga, ko kuma kowane ramin kabul na'ura ɗaya zai karɓa. Baƙuwa a idon rezo sabuwar na'ura ce. A irin wannan wuri ku kai masa lambar MAC ɗinta ku nemi izini. Kada ku nemi hanyar kewaye dokar gidan mutane.

Mataki na 6: direban gada da tagwayen lambobi

Gada tana aiki ne da wata ƙaramar manhaja da ake liƙa wa katin rezon mai masauki, wadda ake kira direba. Wani lokaci bayan an sabunta Windows, ko an sa sabon kati, sai a tarar ta kwance. Alamarta ita ce layin Nom ya zama fanko, babu katin da za a zaɓa. Don dubawa, ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta ncpa.cpl. Ku danna katin da kuke aiki da shi da maɓallin dama na linzami, ku zaɓi Propriétés. A cikin jerin ku nemi VirtualBox NDIS6 Bridged Networking Driver, ko VMware Bridge Protocol idan VMware ce. Idan babu alama a gabansa, ku sa. Idan sunan ba ya nan sam, sai a sake girka manhajar da izinin mai kula da kwamfuta. Sake girka ta ba ya share baƙuwa, amma hankali ya fi kwanciya idan an kwafe muhimman takardu tukuna. Rezo zai ɗauke na ɗan lokaci ana cikin girkawa, wannan ba matsala ba ce.

Sai kuma batun tagwaye. Idan aka kwafi baƙuwa ɗaya aka sa a kwamfutoci biyu da ke rezo guda, suna iya zama da lambar MAC iri ɗaya. Mai unguwa zai ɗauka mutum ɗaya ne, ya ba su adireshi ɗaya. Alamar ita ce rezo yana zuwa yana ɗaukewa, ko kuma ɗaya tana aiki sai an kashe ɗayar. Maganin shi ne a kashe ɗaya daga cikinsu, a shiga saitin Réseau, a danna ɗan maɓallin da ke gefen Adresse MAC don ta sami sabuwar lamba. Irin wannan rikici yana faruwa kuma idan aka rubuta wa baƙuwa adireshi da hannu, alhali akwatin rezo ya riga ya ba wata waya wannan lamba.

Mataki na 7: katangar tsaro da lambar taga

A ce baƙuwa tana da adireshi mai kyau, tana jin akwatin rezo, amma wayoyin ɗalibai sun kasa buɗe darasi. Abu uku za a duba.

Na farko, wayar tana kan wifin cibiyar kuwa? Idan wifin ba shi da intanet, wasu wayoyi sukan bar shi su koma kan intanet na layin salula ba tare da sanarwa ba. Ku kashe intanet na layin, ku sake gwadawa.

Na biyu, an rubuta adireshin daidai? Kowace manhaja tana sauraro ne ta wata taga mai lamba. Kolibri takan yi amfani da taga ta 8080. Don haka a waya sai an rubuta 192.168.1.35:8080, da ɗigo biyu kafin lambar tagar. Ɗigo guda idan ya ɓace, shafi ba zai buɗe ba.

Na uku, katangar tsaro, wadda Faransanci ke kira pare-feu. Idan baƙuwa Windows ce kuma ta ɗauki rezon a matsayin na jama'a, wato Réseau public, takan toshe masu shigowa. Ku mayar da shi Réseau privé idan rezon naku ne. Wasu manhajojin kashe ƙwayar cutar kwamfuta, da manhajojin VPN da ke kan mai masauki, su ma suna tare hanyar gada. Ana iya dakatar da su na minti biyu don gwaji. Idan an gano su ne, sai a buɗe tagar da ake buƙata kaɗai, a mayar da katangar yadda take.

Idan gada ta ƙi gaba ɗaya

Akwai wata hanya da za ta ceci darasin ranar. Ku mayar da baƙuwa kan NAT. A cikin ƙarin saituna ku shiga Redirection de ports, ku ƙara layi guda: tagar mai masauki 8080, tagar baƙuwa 8080. Ma'anarsa, duk wanda ya ƙwanƙwasa taga ta 8080 a gidan mai masauki, za a miƙa shi ga baƙuwa. Daga nan ɗalibai za su rubuta adireshin mai masauki, wato 192.168.1.20:8080. Dole katangar tsaron mai masauki ta bar wannan taga a buɗe.

Rigakafi ya fi magani

Ɗaukewar wuta tana yawan rikita adireshi. Idan wuta ta dawo, kwamfuta tana iya tashi kafin akwatin rezo ya gama shiri, ko kuma akwatin ya ba baƙuwa wata lamba dabam da wadda aka rubuta a allon aji. Don haka ku riƙa kunna akwatin rezo da farko, ku jira minti 2 ko 3, sannan mai masauki, sannan baƙuwa. Ku roƙi mai gyara ya keɓe wa baƙuwa adireshi na dindindin a cikin akwatin, ta hanyar ɗaure shi da lambar MAC ɗinta. Idan da hali, a sa akwatin rezo da kwamfuta a kan batirin da ke riƙe wuta.

Ku riƙa kashe baƙuwa sosai idan an tashi aiki. Wadda aka dakatar kawai, aka ɗauki kwamfutar zuwa wani gari, za ta farka tana riƙe da adireshin wurin da ta baro.

Ku tuna kuma cewa mai ƙofa a kan titi kowa yana iya ƙwanƙwasa masa. Kamfanin Microsoft ya daina gyaran tsaron Windows XP a 2014, na Windows 7 kuma a 2020. Baƙuwar da ke ɗauke da irin waɗannan tsofaffin tsare-tsare bai kamata a ɗora ta a kan gada a rezon da ke da intanet ba. A sa wa kowace baƙuwa kalmar sirri mai ƙarfi, kuma kada a ajiye sunayen mambobi da lissafin asusu a cikin wadda aka buɗe wa jama'a.

Abin da za a gaya wa mai gyara

Idan kun bi matakan nan 7 ba a dace ba, ku kira mai gyara, amma ku kira shi da littafinku a hannu. Ku karanta masa adireshin mai masauki, da na baƙuwa, da ƙofar gari. Ku gaya masa ko kabul ne ko wifi, da sunan katin da aka zaɓa, da sallamar da aka amsa da wadda ba a amsa ba, da abin da aka canza na ƙarshe kafin matsalar ta fara. Da waɗannan bayanai sau da yawa zai iya nuna muku gyaran ta waya, ba sai ya yi tafiya ba.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin NAT da gada? Ku bayyana da misalin baƙo da mai gida.

2. Adireshin mai masauki 192.168.1.20 ne, na baƙuwa kuma 169.254.7.12. Me wannan ke nufi, kuma me za ku fara yi?

3. Baƙuwa tana aiki a kan kabul, amma ta ƙi a kan wifi. Me ya sa?

4. Ku je wurin kwamfutar cibiyarku tare da malaminku, ku rubuta ipconfig, ku kwafe layuka ukun a littafinku. Ku manna kwafi ɗaya a bango kusa da kwamfutar, tare da kwanan watan da aka rubuta shi.